Gini a Kan Kufai: Rigimar 'Yan Wasan Fallout 4 Kan Matsugunai da Mod

Duk wanda ya taɓa buga Fallout 4, gem ɗin bidiyo na rayuwa bayan yaƙin nukiliya, ya san wurin da hanya take rabuwa biyu. Ka fito daga ramin ɓuya mai lamba 111 shekara 210 bayan faɗuwar bama-baman nukiliya, ka gangaro tsohuwar unguwarku, Sanctuary Hills, ka tarar gidajen sun zama kufai, rufin wasu ya rufta, motoci sun yi tsatsa a bakin titi. Ka wuce garin Concord ka ceto Preston Garvey da mutum huɗu da suka rage masa, suka dawo unguwar suka yada zango. Sai makaniken cikinsu, Sturges, ya tare ka da buƙatu: mutane na son wurin kwana, suna son ruwa mai tsabta, suna son abin shukawa, suna son abin da zai kare su da dare.

A nan 'yan wasa suke kasuwa. Wani zai watsa katifu biyar a ƙasa, ya kafa famfon tuƙa-tuƙa biyu, ya dasa 'yan kankana, ya saɓa bindigarsa ya yi gaba. Hujjarsa a fili take: labarin gem ɗin ya ce an kashe masa mata an sace masa ɗa, kuma uban da aka sace wa ɗa ba ya tsayawa gyaran katanga. Wani kuwa da zarar ya taɓa jan teburin aikin nan ya ga yana iya kwance ruɓaɓɓen gida ya mayar da shi katako da ƙarfe, shi ke nan an rasa shi. Kwanaki za su shuɗe bai tsallake gadar unguwar ba, yana jan waya daga janareta zuwa fitila, yana auna inda hasumiyar tsaro za ta fi ganin hanya.

Kamfanin Bethesda ya saki gem ɗin ranar 10 ga Nuwamba, 2015, kuma har yau waɗannan mutum biyu ba su daina jayayya ba. Ni ina cikin rukuni na biyu, ba zan ɓoye ba. Amma na daɗe ina sauraron na farkon, kuma na gane cewa abin da ake wa kallon rigima biyu, ta gini da ta mod (gyaran da 'yan wasa ke yi wa gem da kansu), asalinta guda ce. An miƙa wa 'yan wasa kayan aikin da ba a gama ƙera shi ba, aka kuma ba su damar ƙarasa shi da hannunsu. Duk sauran ce-ce-ku-cen daga nan ya tsiro.

Sai an fahimci yadda tsarin yake aiki kafin a gane ƙorafin. A taswirar yankin Boston, wanda gem ɗin ke kira Commonwealth, akwai wurare kimanin 30 da ake iya mayar da su matsuguni. Kowane mazauni yana buƙatar gado ɗaya, abinci ɗaya, ruwa ɗaya. Manomi guda yana iya kula da shukar da ke ba da abinci 6, famfo guda yana ba da ruwa 3, ƙaramin janareta wuta 3, bindiga mai sarrafa kanta ta farko tsaro 5. Ƙa'idar da kowa ya haddace ita ce lambar tsaro ta haura abinci da ruwa idan an haɗa su, in ba haka ba ka gayyato mahara. Yawan mutanen da wuri zai ɗauka 10 ne a ƙara da makin kwarjinin ɗan wasanka. Kuma idan kana son tarkacen da ka tara a wannan matsuguni ya yi amfani a wancan, sai kwarjininka ya kai 6 ka buɗe baiwar shugabanci, sannan ka ware mutum guda ya riƙa zirga-zirga tsakaninsu da saniyarsa mai kai biyu. Wannan sharaɗin na ƙarshe ya ɓata wa mutane da yawa rai, domin wanda ya gina ɗan wasansa a kan ƙarfi ko basira sai ya ga an tilasta masa kashe maki a inda bai yi niyya ba.

Abu ɗaya da ko masu suka suke yaba wa tsarin shi ne yadda ya ba tarkace daraja. A Fallout 3 na 2008 da New Vegas na 2010, yawancin kofuna da gwangwanaye da tsofaffin kayan ofis kaya ne kawai masu ƙara nauyi. A Fallout 4 komai yana da abin da ke cikinsa. Fankar tebur tana da sukurori. Salatif da gam su ne abin liƙi, wanda kusan duk gyaran bindiga ke buƙata. Fitila da tarho suna ɗauke da tagulla, ita kuma ake jan waya da ita. Sai ka ga mutum ya shiga rusasshen ofis, ya tsallake bindigogi a ƙasa, ya nufi fanka kai tsaye. Daga baya masu wayo suka gano cewa masara da wasu 'ya'yan itace biyu na gem ɗin da ruwa mai tsabta, idan aka dafa su tare, suna ba da abin liƙi 5, sai gona ta zama masana'anta. Wasu suka jera manyan injinan tace ruwa a kogin Sanctuary, kowane yana ba da 40, suna kwashe rarar suna sayarwa da murafen kwalba, kuɗin wannan duniyar. Ta nan yawo da gini suka ƙullu da juna: kana fita domin ka samo abin gini, kana gini domin ka iya fita nesa.

To ina masu suka suka tsaya? Babbar hujjarsu, kuma wadda nake ganin tana da nauyi ƙwarai, ita ce matsugunan sun cinye garuruwa. Wanda ya saba da wasannin baya ya san daɗin hango hayaƙi daga nesa, ya isa ya tarar da gari mai tarihinsa da mutanensa da rigingimunsa. Megaton da aka gina kewaye da bam ɗin da bai fashe ba. Rivet City a cikin tsohon jirgin ruwan yaƙi. Novac da ƙaton gunkin dabbarsa. Kowannensu marubuci ne ya zauna ya tsara shi. A Fallout 4 garuruwan da suka amsa sunan gari ba su da yawa: Diamond City a tsohon filin wasa na Fenway, da Goodneighbor, sai 'yan ƙalilan. Saura, ka sha tafiya ka isa, ka tarar da mutum biyu da 'yar gona da teburin aiki, kuma galibinsu ko suna ba su da shi. Masu wannan ra'ayi suna cewa kamfanin ya bar fili ne ya ce wa ɗan wasa ya cike da kansa. Kuma komai kyan ginin da ka yi, mazaunan da eriyar rediyonka za ta jawo ba su da labari, ba su da dangi, kalmomi kaɗan suke maimaitawa. Ka iya gina bene mai hawa biyar, amma ba ka iya gina mutum.

Sai kuma Preston Garvey, wanda ya zama abin tsokana a duniyar gem baki ɗaya. An naɗa ka janar na ƙungiyar sa-kai ta Minutemen, amma duk sanda ka kusance shi sai ya ce ga wani matsuguni na neman taimako, ya sa maka alama a taswira. Waɗannan ayyuka ba rubuta su aka yi ɗaya bayan ɗaya ba, injin gem ne ke haɗa su: ya zaɓi matsuguni, ya zaɓi maɓoyar 'yan fashi, ya tura ka. Shi ya sa ba sa ƙarewa. Haka saƙon kai hari ke faɗo maka kana tsakiyar wani aiki a can ƙarshen taswira. In ka je, sau da yawa maharan a cikin katangar da ka sha wahalar kewayawa za ka same su. In ba ka je ba, lissafi ne zai yanke hukunci, ba tsarin gininka ba. Da kamfanin ya fitar da ƙarin fakiti shida na sayarwa a 2016, uku daga ciki kayan gini ne zalla, sai masu son labari suka ji kamar an ɗauki kuɗinsu an yi wa wasu hidima. Far Harbor, wanda ya zo da tsibiri da labari mai zurfi, shi ne suka riƙa nunawa suna cewa ga abin da muke nema.

Duk wannan na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa gini baƙo ne a wannan duniyar. Shekara 210 ba kwana biyu ba ce. Ɗan Adam ba ya zama cikin shara ƙarni biyu bai ɗauki tsintsiya ba. Wasannin bayan rugujewar duniya sun daɗe suna ba mu aikin mai tsintar abin da ya rage, ko mai harbin abin da ya taso. Wannan shi ne karon farko a jerin Fallout da aka ce ga guduma, gyara wani abu. Ranar da na ƙwato tsohuwar ganuwar da ake kira Castle, wadda ainihinta Fort Independence ce da ke nan a Boston har gobe, na toshe ɓarakar bangonta, na kunna tashar rediyon, na koma nesa da dare na hango fitilu a inda da duhu ne da ƙaguwa, na ji abin da kashe dodo dubu bai taɓa ba ni ba. Wurin ya canza, kuma ni na canza shi.

Sai dai abin da mutanen waje ba su cika sani ba shi ne masu ginin sun fi kowa ƙorafi. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ɗauko bango ka kai inda ido ya nuna maka zai zauna, ya yi ja ya ƙi. Ka matsa kaɗan, ya fizge ya liƙe a wani wurin da ba ka nufa ba. Ƙasa ba ta da daidaito, sai shinge ya tsaya a iska, ƙasansa a buɗe. Tulin ganye da shara da ƙwarangwal suna nan a tsakar ɗaki, gem ya hana ka taɓa su. Akwai wani gidan abinci a bakin hanya, Drumlin Diner, inda wata mata ke kasuwanci da ɗanta alhali ƙwarangwal na zaune a kujera, kuma wannan hoton ya zama misalin abin da ke damun mutane. Ga ma'aunin girma a saman allo da ke cika tun kana rabin aiki. Ga mazauna da za ka tarar a kan rufi, ko saniya ta shige ɗaki ta toshe ƙofa. Gem ɗin ma bai yi wa kowa cikakken bayani ba, yawancin ƙa'idojin nan 'yan wasa ne suka tono su suka koya wa juna.

Tun kafin a samu mod mutane suka fara dabara. Suka gano cewa in ka ɗora abu a gefen ƙaramar darduma ka ɗaga su tare, injin yana duba iyakar dardumar ne kawai, sai ka cusa gado ko kanta a lungun da da ya ƙi shiga. Suka gano irin wannan da ginshiƙin kankare. Suka gano cewa in ka zubar da bindigogi a ƙasa ka mayar da su teburin aiki, ma'aunin girma yana raguwa, domin gem yana ɗauka wani abu ka cire daga ginin. Wannan ya nuna irin ƙishin da ake da shi.

Mod shi ne gyara ko ƙari da ɗan wasa ya yi wa gem da kansa, ya raba wa wasu. Al'ada ce tsohuwa, kuma ta haifi manyan abubuwa: Counter-Strike mod ne na Half-Life, DayZ mod ne na Arma 2. Bethesda ta daɗe tana sakin kayan aikinta tun zamanin gem ɗinta na Morrowind, kuma ko tunanin gina matsuguni a Fallout sai da masu mod suka riga ta, domin akwai Real Time Settler tun a wasannin da suka gabata. A Afrilun 2016 ta saki Creation Kit, manhajar ƙera mod na Fallout 4, sai ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Shafin raba mod na Nexus Mods ya cika da dubban gyare-gyare. Mod ɗin Place Everywhere ya kawar da jan launin nan, ka ajiye abu duk inda ka so. Scrap Everything da ire-irensa suka ba da damar share shara da ciyawa. Homemaker ya ƙaro ɗaruruwan kayan gini. Wani ya ba da damar kwafe gari sukutum a miƙa wa wani ɗan wasa ya kafa a nasa gem ɗin. Ga kuma gyaran da wata tawagar sa-kai ke yi na ɗimbin kurakuran da kamfanin bai waiwaya ba.

Amma kowane gyara da kuɗinsa, kuma a nan ne sababbin shiga suke faɗawa rami. Domin gem ya yi sauƙi, masu ƙera shi sun ɗaure ɗaruruwan ƙananan abubuwa, tulin shara da bulo da karyayyen katako, suka mayar da su dunƙule guda, suka kuma lissafa tun farko abin da ido zai iya gani daga kowane wuri, don kada na'ura ta wahala tana zana abin da ke bayan bango. Dalilin da ya sa ba a iya share shara ke nan: ba abu ba ce mai zaman kanta, ɓangaren dunƙule ce. Mod ɗin da zai ba ka tsintsiya dole ya kwance wannan ɗaurin. Da ya kwance, na'urarka za ta koma zana kowane gwangwani ɗai-ɗai, sai hoto ya fara sarƙewa, musamman a tsakiyar birnin Boston inda da ma gem ɗin ke nishi. Akwai ma abin da 'yan wasa suka laƙaba wa suna kusurwa ukun mutuwa, wato Sanctuary da gidan man Red Rocket da gonar Abernathy. Sun yi kusa da juna har na'ura na ɗaukar nauyinsu lokaci guda, to in ka cika ukun da gini sai gem ya riƙa rufe kansa. Saboda haka idan ka ji tsofaffin hannu suna hana mutum sa mod ɗin share komai, ba ƙyashi ba ne, sun ga abin da ya biyo baya.

Ni ma na biya nawa kuɗin makarantar. Na taɓa sa wani mod na kayan gini, na yi amfani da shi wajen kafa kasuwa a kan rufin wani tsohon gini, da rumfuna da matakala da fitilu jere. Bayan makonni na ga kamar ba na buƙatarsa, na cire shi a tsakiyar wasa. Da na koma, benen da komai ke kai ya ɓace, rumfunan suna rataye a sarari, kuma wani sashe na jerin kayan ginin ya ɓata gaba ɗaya. Kuskuren nawa ne, mai mod ɗin ya rubuta gargaɗi ban karanta ba. Umarnin da mod ke gudanarwa yana shiga cikin ajiyar wasanka ya zauna, cire fayil ba ya cire shi. Na yi baƙin ciki na gaske, domin ba fayil na rasa ba, wuri na rasa. Daga ranar na fahimci abin da ya sa mutane ke ɗaukar jerin lodi da muhimmanci, suke amfani da manhajoji irin su LOOT da Vortex da Mod Organizer 2 don tsara wane mod zai hau kan wane, suke kuma cewa ka gama zaɓenka kafin ka fara sabon wasa.

A ganina mod ɗin da ya fi kowane fahimtar asalin rigimar shi ne Sim Settlements, wanda wani mai suna kinggath ya fitar a 2017. Bai ƙaro bango ko kujera ba, tambayar ya sauya. Me ya sa janar guda zai riƙa shimfiɗa wa kowa gado? A tsarinsa kai fili kawai kake warewa, ka ce nan gida, nan gona, nan shago, nan masana'anta. Mazaunin da ka ba filin shi zai gina abinsa, kuma yana haɓaka shi da kansa a hankali. Ka tafi yawonka ka dawo ka tarar bukka ta zama gida, an rataya kaya a ƙofa, an ƙara hawa. Daga baya ya ƙaro tsarin da za ka naɗa wa gari shugaba ya gina shi duka ba da hannunka ba. Kashi na biyu da ya fito a 2020 ya zo da cikakken labari da muryoyi da mutane masu suna da hali. Ka lura da abin da ya faru: ƙorafin masu son labari, cewa matsugunai fanko ne kuma suna cin lokaci, mai mod ne ya amsa shi, ba kamfani ba. Mutane da dama da suka tsani gini sun dawo ta wannan ƙofar.

Ko a cikin masu ginin akwai ɓaraka. Wasu tsuran gem suke bugawa, ba mod ko ɗaya, suna alfahari da cewa duk abin da ka gani da dabarar darduma da haƙuri aka yi shi. A wurinsu iyaka ita ce ke fito da gwaninta. Gem ɗin ma yana rufe lambobin yabo da zarar ka kunna mod, abin da ke ƙara musu hujja. Wasu kuma suna sa mod amma da sharaɗin komai ya dace da duniyar: kwano mai tsatsa, katako mai faci, taya a matsayin shinge. Su ne ke jin haushi idan suka ga an kafa gidan gilashi mai sheƙi da kujerun alfarma a tsakiyar kufai. Masu gidan gilashin su ce ai gem nasu ne, kuɗinsu suka sa, kuma wasan mutum ɗaya ne, ba wanda suka cuta. A nan ba na ganin akwai mai laifi, ko da yake zuciyata tana wajen masu tsatsa. Ginin da ya fi taɓa ni shi ne wanda in ka kalle shi za ka iya cewa ga abin da mutanen nan suka tsinto, ga abin da suka rasa.

Akwai wata amsar da ta fito daga kamfanin kansa, kuma ba a cika ba ta haƙƙinta ba. A 2016 aka sake fasalin matakin wahala na rayuwa: ba tsallaka taswira nan take, ba ajiye wasa sai ka kwanta a gado, ga yunwa da ƙishirwa da cuta, harsashi ma yana da nauyi. Nan take lungun da kowa ya raina, Hangman's Alley, wani matsattsen layi kusa da Diamond City, ya zama wuri mafi daraja a taswira, domin yana tsakiya. Gado da famfo a wurin da ya dace sun zama bambancin rai da mutuwa. Wannan ya tabbatar min cewa matsalar ba ginin ba ce, rashin dalilinsa ne. A 7 Days to Die ba wanda ke tambayar amfanin katanga, tunda kowane dare na bakwai gungun matattu masu tafiya za su zo su gwada ta.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi zafi. A Afrilun 2015 Bethesda da kamfanin Valve, mai shagon gem na intanet Steam, suka gwada sayar da mod na gem ɗin Skyrim a shagon, mai mod yana samun kashi 25 cikin 100. Hayaniyar da ta tashi ta sa aka janye tsarin cikin 'yan kwanaki. A 2017 aka dawo ta wata hanya da Creation Club, inda kamfani ya riƙa biyan zaɓaɓɓun masu ƙirƙira yana sayar da aikinsu. Masu adawa suna cewa mod kyauta ce tsakanin 'yan wasa, aikin wannan yana jingine da na wancan, da ka sa farashi ka raba kan jama'a, kuma wa zai ɗauki alhaki in abin da ka saya ya lalata maka wasa? Masu goyon baya suna cewa mutum ya kwashe shekaru yana aiki bayan ya tashi daga wurin neman abincinsa, dubbai suna morewa, wasu ma zagi suke saka masa da shi in an samu kuskure, don me ba zai ci guminsa ba? Ni ban iya kallon aiki irin Sim Settlements in ce mai shi bai cancanci ko sisi ba. Damuwata ita ce kason da ke isa hannunsa, da kuma kada na kyauta ya zama saniyar ware.

Masu na'urar wasa kuma nasu labarin daban ne. Fallout 4 ya kai mod kan Xbox One a ƙarshen Mayun 2016, abin da ba a saba gani ba a lokacin, amma da iyakar gigabait 2. A PlayStation 4 sai Nuwamba, bayan ja-in-ja da Sony, kuma da sharaɗin ba a shigo da sabon hoto ko sauti daga waje, sai dai a juya abin da ke cikin gem. Don haka idan mai kwamfuta ya ce wa mai ƙorafi ai akwai mod da ya gyara wannan, sau da yawa yana magana ne a kan abin da ɗayan ba zai taɓa samu ba. A farkon lokacin ma an yi ta ɗaukar aikin mutane ana ɗorawa don masu na'ura ba da izininsu ba, har wasu masu mod suka ɓoye ayyukansu don fushi.

Wannan jumlar ta ai mod zai gyara ita ce ta fi damuna a duk muhawarar, domin tana sauke wa mai sayarwa nauyi ta ɗora wa ɗan sa-kai. Kuma ginin da aka yi a kan filin wani, ranar da mai fili ya motsa sai ya girgiza. An ga haka ƙarara a 2024. Shirin talabijin na Fallout ya fito a Afrilu, mutane suka yi tururuwar komawa gem ɗin, sai kamfanin ya saki babbar sabuntawa ranar 25 ga watan. Yawancin manyan mod na kwamfuta sun dogara ne da wata manhaja mai suna F4SE, wadda dole ta dace da ainihin sigar gem ɗin. Da sigar ta canza sai duk abin da ke kanta ya tsaya, har sai kowane mai mod ya dawo ya sabunta nasa, alhali wasu sun bar harkar shekaru da suka wuce. Mutane suka koma neman hanyar mayar da gem ɗinsu tsohuwar siga.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne tawagar FOLON, 'yan sa-kai da suka shafe shekaru suna gina Fallout: London, sabuwar taswira da sabon labari a birnin Landan, girmansa ya kai na cikakken gem. Sun sa ranar 23 ga Afrilu, 2024, sai labarin sabuntawar ya tilasta musu ɗagawa. Bai fito ba sai 25 ga Yuli, ta hannun shagon GOG, kuma wanda ya sayi Fallout 4 a Steam sai da ya mayar da shi tsohuwar siga kafin ya iya bugawa. Kyauta suka raba shi.